Lauya Da Gidan Talaka: Lacca Ga Mutanen Fagge Da Sabon Gari

 Maganar da za mu yi yau maganar gida ce, watau wurin da mutum zai sa haƙarƙarinsa shi da iyalinsa ba tare da fargabar ƙarewar shekara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ba za mu tsaya muna koya muku wahalar haya ba. Duk wanda ke zaune a Fagge ko Sabon Gari ya san yadda ake biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, a biya dillali la'adarsa, sa'an nan shekara na zagayowa a aiko da ƙari. Ɗan kasuwa kuwa haya biyu ke bisa wuyansa, ta shago da ta ɗakin kwana.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafin birkila ya aza bulo ɗaya, lauya ya riga ya yi nasa ginin a takarda. Shi ya tsara dokar da ta faɗi ko fili na wane ne. Shi ya rubuta sharuɗɗan da banki zai duba kafin ya ba ka rance, shi kuma ya rubuta yawan kwanakin da mai gida zai ba ka kafin ya ce ka kwashe kayanka. To, tun da haka ne, ya kamata mu ɗauki lauya guda wanda ya riƙe wannan sha'ani da hannunsa, mu bi sawunsa tun daga kotu har zuwa kujerar minista, mu ga abin da alƙalaminsa ya iya da wanda ya kasa, sa'an nan mu auna abin da ya iso Fagge.

Amma bari mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta, don labarin lauyan ba zai fahimtu ba sai da nata. Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye a bayan ganuwa, tun kafin Turawa su zo da ɗaruruwan shekaru. Sabon Gari kuwa yaro ne, jirgin ƙasa ya haife shi. Hanyar dogo ta iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 aka yanka fulotai don ma'aikata da 'yan ciniki da suka zo daga kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Yana ƙarƙashin hukumar Turawa kai tsaye har 1940, lokacin da aka mayar da shi hannun En'e. Tun 1910 Turawa suka yi doka cewa dukan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, shi ke riƙe da ita a madadin jama'a, abin da mutum ke da shi kawai izinin zama ne. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan doka a 1962, ta kuma bambanta ɗan asalin Arewa da wanda ba shi ba, har ya zamana mutumin Sabon Gari ba ya riƙe fili sai da izinin minista. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa wa ƙasa duka, da sunan Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Har gobe da ita ake aiki. Ku riƙe abu biyu daga cikinta: ƙasar birni tana hannun Gwamnan jiha, kuma mai takardar mallaka ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai Gwamna ya sa hannu. Za mu komo kan wannan sa hannu, domin a nan gizo ke saƙa.

Lauyan da muka zaɓa shi ne Babatunde Raji Fashola, mutumin Ikko, watau Legas. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Fagge da lauyan Ikko? Ruwanmu shi ne, ya riƙe ma'aikatar gidaje ta Nijeriya baki ɗaya daga 2015 zuwa 2023, bankin da ke ba da lamunin gida na tarayya yana ƙarƙashinsa, kuma da wuya a sami wani lauya a ƙasar nan da ya daɗe bisa wannan sha'ani kamarsa. An haife shi a 1963, ya karanta aikin lauya a Jami'ar Benin, aka rantsar da shi lauya a 1988. Ya yi shekaru goma sha yana shiga kotu yana fita, yawanci kan shari'un kamfanoni da filaye. A 2002 Gwamnan Ikko na lokacin, Bola Tinubu, ya ɗauke shi shugaban ma'aikatan fadarsa, a 2004 aka ba shi lambar Babban Lauyan Nijeriya, a 2007 kuma ya hau kujerar Gwamna, ya yi shekara 8.

Da ya zama Gwamna sai ya tunkari maganar gida yadda lauya zai tunkare ta, watau da doka. A 2011 ya sa hannu a kan dokar haya ta jihar Ikko. A lokacin masu gidaje a can shekara biyu suke karɓa gaba ɗaya, wasu har uku. Dokar ta ce haramun ne mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma wanda ya karɓa da wanda ya bayar duka sun yi laifi, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta kuma tsara notis: mai biya wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biya shekara-shekara a ba shi wata 6. Doka ce mai kyau, ba mu da ta cewa. Amma fa an cire unguwannin manya daga cikinta, irin su Ikoyi da Apapa, sa'an nan a unguwannin talakawa ma, ku da kuke kasuwa kun san abin da ke faruwa kadan kaya suka yi ƙaranci masu saye suka yi yawa. Mutum goma na bin ɗaki ɗaya, wane ne zai kai mai gida kotu? Wanda ya kai, ɗakin ya wuce shi. Dillalai kuma suka sami ƙofa, abin da aka hana a karɓa da sunan haya sai ya komo da sunan la'ada da kuɗin yarjejeniya.

Abu na biyu da ya yi shi ne na rance. A 2010 jiharsa ta yi dokar jinginar gidaje ta kafa hukuma dominta, a 2014 kuma aka buɗe shirin da gwamnati ke gina gidaje ta sayar a biya sannu a hankali. A lokacin sharaɗin shi ne ka zama ba ka taɓa mallakar gida ba, kana biyan haraji, ka ba da kashi 30 cikin 100 kafin alƙalami, saura ka biya cikin shekara 10 da ruwa kashi 9 da rabi a shekara. A lokacin ana fid da masu rabo ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, don kada a ce ɗan wane aka ba. Wannan ƙuri'a abin yabo ce. To, amma ku fito da lissafinku na kasuwa mu gwada. A ce gida na naira miliyan 10 ne. Kafin alƙalami miliyan 3. Ragowar miliyan 7 a shekara 10 da wancan ruwa, kowane wata zai kama wajen naira 90,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a lokacin naira 18,000 ne. Watau biyan wata ɗaya ya cinye albashin lebura biyar. Ashe gidan na babban akawu ne da matsakaicin ɗan kasuwa, mai tura baro bai ko ji ƙanshinsa ba.

Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye ba don muna ba da labarin mutum. A zamanin mulkinsa ne aka rushe wani sashe na Makoko a 2012, unguwar masunta da ke bisa ruwa, aka kuma rushe Badiya ta Gabas a watan Fabrairu na 2013, dubban mutane suka kwana a fili. Gwamnati ta ce ba su da takarda. Waɗanda suka tsaya musu su ma lauyoyi ne, cikinsu har da Felix Morka wanda ya kafa wata ƙungiyar kare haƙƙin talakawa a 1995, ya kuma daɗe yana bin kadin mutanen Maroko da sojoji suka kora a 1990. Kun ga ke nan aikin lauya wuƙa ce, tana yanka ta kowane gefe, ya danganta ga wanda ya riƙe ƙotar.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya naɗa Fashola ministan lantarki da ayyuka da gidaje, a 2019 aka rage masa lantarki aka bar shi da sauran biyun. Ya ɗauko shirin gina gidaje a jihohi 34, Kano ma ta sami kasonta. Da aka buɗe sayarwa a ƙarshen 2021, mafi arha, mai ɗaki ɗaya, ya haura naira miliyan 7. Mafi ƙarancin albashi ya zama naira 30,000 a lokacin. Ku raba ku gani: kusan shekara 20 ke nan mutum yana aiki bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba. Ya sha roƙon masu gidaje su daina karɓar kuɗin shekara daga mutumin da wata-wata ake biyansa albashi, amma roƙo ne kurum, domin dokar haya ta jihohi ce, minista ba shi da iko a kanta. Ya kuma yi wata magana da ta ta da ƙura, ya ce adadin da ake ta yaɗawa cewa Nijeriya na da giɓin gidaje miliyan 17 ba shi da tushe, ba wanda ya ƙidaya. A nan mun ba shi gaskiya, halin lauya ne ya nemi shaida. Sai dai mutumin da ke kwana shi da 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya a Sabon Gari, da layin banɗaki tun asuba, ba ya bukatar a ƙidaya masa kafin ya san akwai giɓi.

Yanzu mu zo kan rancen tarayya, don a nan ne maganar ta fi shafarku, kuma a nan muke so ku buɗe kunne sosai. Asalin bankin lamunin gidaje na tarayya wani kamfani ne da aka kafa a 1956, aka mayar da shi bankin gwamnati a 1977. A 1992, zamanin Janar Babangida, aka yi dokar Asusun Gidaje na Ƙasa. Tsarinta kamar adashi ne babba: ma'aikaci yana zuba kashi 2 da rabi cikin 100 na albashinsa kowane wata, kadan ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci neman rance, ruwan kashi 6 ne a shekara, biya kuwa har zuwa shekara 30. Wanda bai ci rance ba, in ya kai shekara 60 ko ya yi ritaya, yana da ikon neman a mayar masa da zubinsa. A zamanin da Fashola ke minista, Ahmed Ɗangiwa mutumin jihar Katsina, masanin zanen gini, yana shugaban bankin, aka sassauta kafin alƙalami a 2018: rancen da bai wuce miliyan 5 ba babu kafin alƙalami sam, daga nan zuwa miliyan 15 kashi 10 cikin 100. Aka kuma fito da tsarin da mutum zai shiga gida a matsayin ɗan haya, hayar tana tafiya a kuɗin gidan har ya zama nasa. A ganinmu wannan shi ne aiki mafi amfani da aka yi a waɗannan shekaru, ya fi gidajen da aka gina aka yi bikin buɗewa.

Don ku san darajar kashi 6 ɗin nan, ga misali. Rancen miliyan 5 a shekara 30 zai kama wajen naira 30,000 a wata. In kuwa bankin kasuwa ka je, a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27 da rabi, to a ce an yi maka rangwame an ba ka a kashi 25, ruwan kaɗai ya haura naira 100,000 a wata, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Bambancin ke nan tsakanin mutum ya mallaki gida da ya mallaki hawan jini.

To, me ya hana mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ko mai sayar da shinkafa a Singa, ko mai kayan mota a Sabon Gari, ya ci wannan rance? A doka ba a hana shi ba, mai zaman kansa yana da ikon yin rajista ya riƙa zubi. Amma in ya je, za a ce ya kawo shaidar abin da yake samu a wata. Ma'aikacin gwamnati zai miƙa takardar albashi. Ɗan kasuwa fa? Cinikinsa na cikin kansa da wani tsohon littafi, rabin kuɗinsa bashi ne a hannun abokan ciniki na Agadas da Marwa. Yana iya juya abin da ya fi albashin darakta, amma a idon banki ba shi da ko sisi, don lauyan da ya tsara takardar neman rancen ma'aikacin ofis ya sa a gabansa sa'ad da yake rubutu. Sa'an nan ga doka ta cewa biyan wata kada ya wuce sulusin abin da kake samu, watau mai neman miliyan 5 sai ya nuna yana samun wajen naira 90,000 a wata a rubuce.

In ya tsallake wannan, sai a ce ya kawo takardar fili. Nan ne muka ce za mu komo. Yawancin gidajen Fagge gado ne, takardar da ke akwai ko ta mai unguwa ce, ko ta cinikin da aka yi gaban shaidu tun zamanin kaka, ko kuwa satifiket ne mai sunan mamacin da ya bar magada ashirin. Banki ba ya karɓar ko ɗaya daga ciki. Dalili kuwa wata shari'a ce da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san labarinta. Wani mutum a Ikko mai suna Ajilo ya jinginar da gidansa ga Bankin Savannah don wani kamfani ya ci rance. Bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da gida. Sai Ajilo ya garzaya kotu ya ce ai jinginar nan ba a nemi sa hannun Gwamna ba, saboda haka babu ita. Bankin ya ce filin nan tun kafin 1978 yake hannunsa, ba Gwamna ya ba shi ba, me ya kawo sa hannun Gwamna? A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ko tsohon fili ne ko sabo, sai da sa hannun Gwamna, jinginar ta ɓaci. Mutum ɗaya ya tsira da gidansa, amma tun daga ranar bankuna suka ɗaure fuska, ba satifiket da sa hannun Gwamna, ba rance. Sa hannun nan kuwa ba kyauta ba ne, akwai kuɗin hatimi, da na rajista, da na masu awo, da na lauya, da zirga-zirgar watanni a ma'aikatar ƙasa.

An yi ƙoƙarin kwance wannan ƙulli, kuma abin sha'awa a nan Fagge aka gwada. A 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokokin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Kwamitin ya ce filayen da ke da rajista a Nijeriya ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Dabararsu ita ce maimakon kowa ya je ofis shi kaɗai, ma'aikata su shigo unguwa su bi gida-gida, su auna, maƙwabta da mai unguwa su shaida iyaka, a liƙa sunaye kowa ya gani, in ba mai ja a ba da satifiket a kan kuɗi kaɗan. Jihohin Kano da Ondo aka zaɓa don gwaji, Fagge na cikin wuraren da aka fara. Wasu a cikinku sun ga masu awon da idonsu. Wasu kuma sun rufe ƙofa don tsoron haraji, tsoron kuwa ba na banza ba ne, don mutanenmu sun daɗe da sanin cewa in hukuma ta rubuta sunanka, rasit na biye. Amma duk da haka muna ganin wanda ya karɓi takardarsa ya fi wanda ya ɓuya riba.

Kada kuma wani ya ɗauka takarda laya ce. Dokar 1978 ta ba Gwamna ikon soke izinin zama in an ce don amfanin jama'a ne, diyyar da za a ba ka kuwa ta ginin da ka yi ce, ba ta filin ba. Ga misali nan kusa da mu. A watan Yuni na 2023 gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, ta ce gwamnatin da ta gabata ta raba wurin ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka haɗa kai a ƙungiya suka ɗauki lauya suka tafi Babbar Kotun Tarayya. A watan Satumba kotu ta ce a biya su naira biliyan 30, a watan Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba mu zo nan don mu ce wane ne mai gaskiya tsakanin gwamnatocin biyu ba. Abin lura a wurinmu shi ne, da kowane mai shago shi kaɗai ya tsaya yana kuka a bakin titi, da ko kwabo bai gani ba. Ƙungiya mai rajista, da takardu, da lauya, su suka kai maganar gaban alƙali.

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci gida. A sashe na 16 ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai sami matsuguni mai kyau. Amma lauyoyin da suka rubuta wannan, su ne suka rubuta a sashe na 6 cewa kotu ba ta da ikon tuhumar gwamnati a kan wannan babi. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Sashe na 43 kuwa yana da haƙori, shi ne ya ce kowane ɗan Nijeriya yana da ikon mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan, kuma ana iya kai ƙara a kansa. 'Yan'uwanmu na Sabon Gari waɗanda kakanninsu suka zauna da izinin minista, su riƙe wannan lamba.

Akwai wata matsala da shirin Ikko bai damu da ita ba amma a Kano ita ce kan gaba, watau maganar ruwa. Da yawa cikinku ko kashi ɗaya aka ce ba za ku taɓa ba, don riba ce. Wannan ma aikin lauyoyi da malamai ne, su tsara yarjejeniyar da banki zai sayi gida ya sayar maka da ƙayyadadden farashi ka biya a hankali, ko ku yi tarayya a gidan kana biyan hayar kasonsa kana saye kaɗan-kaɗan. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kano na cikin rassansa uku na farko, wasu kuma sun biyo baya. Sai dai ku karanta kafin ku sa hannu, don rashin ruwa ba ya nufin arha, kuma su ma satifiket za su tambaya.

Saboda haka ga abin da muke ba ku shawara, ba kuwa sai an jira wani minista ba. Kowace ƙungiyar kasuwa da ke nan ta yi rajistar ƙungiyar tsimi da tanadi, adashin da kuke yi a riƙa zuba shi ta asusun banki da sunan kowa, domin bayan shekara ɗaya wannan takardar banki ita ce za ta tsaya muku a matsayin takardar albashi. Bankin lamunin gidaje yana da ƙofa ta musamman don irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma mutum ɗari da suka zo tare sun fi a kore su da sauƙi. Ƙungiyar ta ɗauki lauya ɗaya ta biya shi da karo-karo, kada kowa ya jira sai an liƙa masa sammaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikinsa na fari ya bi gidajen gado: a je kotu a raba, ko magada su amince da wakili a rubuce, a juya satifiket daga sunan mamaci tun dattawan da suka san iyaka suna raye. Wanda zai sayi fuloti a Rijiyar Zaki ko Jaba ko Dawanau, kada ya miƙa kuɗi sai an bincika lambar filin a ofishin ƙasa, don fuloti ɗaya ana sayar wa mutum uku, kowa da takardar dillali a aljihu.

'Yan haya kuma, ku nemi rasit duk lokacin da kuka biya, ko da mai gidan kawunku ne, ku kuma sa a rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, a faɗi kuɗi, a faɗi wa'adi, a faɗi wanda zai gyara rufi da masai. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa, ko kware kwano, ko watsa kayanka waje da hannunsa, kome yawan bashin da yake binka. Sai ya ba ka notis, ya kai ka kotu, alƙali ya yanke. Wanda aka yi wa haka kuma ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kano, ya je ya kai kukansa. Masu gidajen da ke cikinmu, mun san ku ma siminti ya yi muku tsada, buhu ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, kuma akwai ɗan hayan da zai shekara biyu bai biya ba yana fakewa da kotu. Rubutacciyar yarjejeniyar nan ku ma ta kare ku.

Sakatarorin ƙungiyoyin Kwari da Singa da kasuwar Abubakar Rimi su tsaya bayan an tashi, mu sa ranar da za a zauna da lauya. Duk mai tsohuwar takardar gida, ko ta mai unguwa ce, ko da ajami aka rubuta ta, ya ɗauko hotonta ya zo da shi ranar, asalin kuwa ya bar shi a gida cikin akwati.